Gilashin da Muka Wasa wa Dutsen Rabi

Har yau ban sani ba: Malam ya ga jan hasken nan da idonsa, ko kuwa cewa ya yi ya gani don hankalina ya kwanta? Na tambayi kaina a kan sallaya, na tambayi kaina a bakin murhu. Wanda zai ba ni amsa yana kwance a maƙabarta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa makwanci. Idan kun ji maganata tana yankewa, kuka ne, ku yi haƙuri da tsohuwa.

Sunana Dije. Ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa. Dakta Rabi ce ta ce in faɗa domin ku, ɗalibanta. Ta ce a ɗakin gwajinku akwai wani ɗan gilashi kamar rabin ƙwayar gurjiya, kife a kan dutsen daimon, wato lu'ulu'u, kuma kwanan baya wani daga cikinku ya leƙa shi ya ce ai irin wannan ko gindin kwalba aka fasa za a samu. Ban ji haushi ba, bai ga lokacin da ake yi ba ne. Ni da mijina muka yi gilashin nan, a gidanmu na Ƙofar Kwaya, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe.

Malam Mai Tabarau ake ce masa. A Kano ya koyi wasa gilashi, wurin wani tsohon Balarabe, ya dawo Katsina da akwati ɗaya na kayan aiki. Akwai alƙalamin yankan gilashi, mai ɗan ƙwayar daimon a baki da ba ta kai ƙwayar gero ba. Akwai faranta na baƙin ƙarfe, wasu masu zurfi, wasu shimfiɗaɗɗu. Akwai garin wasawa a gwangwanaye, daga mai kaushi kamar yashi har zuwa wanda ya fi kwalli laushi. Sai wani gilashi guda mai kauri da maigidansa ya ba shi ranar sallama, naɗe cikin farin ƙyalle. Uwar gilashi yake ce mata, domin da ita ake auna miƙewar duk abin da aka wasa. Injinsa kuwa ƙafar keken ɗinki ce ya ɗora wa faranti, yana takawa yana juyawa, don haka ko an ɗauke wuta aikinmu ba ya tsayawa.

Aikin farko da ya sa hannuna a kai tabarau ne na wani liman daga Gobarau, wanda karatu ya fara gagararsa. Ina amarya a lokacin, daga wani ƙauye bayan Batagarawa aka kawo ni, ban san komai ba sai niƙa da surfe. Malam ya tsaya yana kallona ina niƙan gero a kan dutse. Can sai ya ce, "Dije, hannun nan naki ba ya danna gefe ɗaya. Zo ki gani." Ya manna gilashin liman a kan ɗan itace da kakin zuma da ƙaro, ya ɗiga ruwa a faranti, ya barbaɗa gari, ya riƙe hannuna muka zagaya tare. Ya ce kada in taɓa bin hanya ɗaya sau biyu a jere, domin gilashi yana riƙe hanyar da aka saba masa, ya yi kwari a wurin. Na ɓata gilashi da yawa kafin hannuna ya faɗa. Bai taɓa yi mini tsawa ba, sai dai ya ɗaga abin da na ɓata wajen haske ya ce, "Wannan in liman ya sa, sahu biyu zai gani a bayansa."

Abin da ya fi wuya ba wasawar ba ce, tace garin ne. Garin da ake sayowa gauraye yake, manya da ƙanana. Sai in zuba shi a kwano da ruwa, in motsa, in karanta Ƙulhuwallahu a hankali, in tsiyaye ruwan sama a wani kwano. Masu nauyi sun riga sun kwanta. Na biyun in bar shi ya fi haka daɗewa, in sake tsiyayewa. A haka har in samu wanda sai ya kwana kafin ya kwanta, shi ne na gamawa. Ƙwaya ɗaya mai kaushi ta shiga cikin wannan, to aikin mako ya tashi, za ta ja layi daga wannan baki zuwa wancan. Saboda haka ranar gamawa ba a shara a gidanmu, ba a daka, ba a kaɗe tabarma. Ina cire awarwaro, in yanke farce, in ɗaure kaina tamau. Maƙwabta har tsokanata suke yi, wai gidan Dije ne kaɗai ake hana shara don tsabta.

Akwai wata yarinya da uwarta ta kawo mana tana jan ta da hannu, ɗiyar maƙwabtanmu ce ta bayan layi. An ce ba ta gane karatu, kullum ana bugunta a aji. Malam ya zaunar da ita a zaure, ya ɗauko tiren gilasan gwaji, yana ɗora mata ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan wani, sai yarinyar ta miƙe ta nufi ƙofa, ta tsaya tana kallon itacen bedin da ke ƙofar gida. Ta ce, "Baba, ashe ganyen ɗai-ɗai yake?" Allo ne ba ta gani, ba kai ne ba ta da shi ba. Ni na wasa gilashinta na hagu, Malam ya wasa na dama. Ita ce Rabi, Daktarku. Kada ku faɗa mata na ce ana bugunta.

Shekarar da ta fi mana muni ta zo ne bayan soja sun koma bariki. Gari ya yi murna, mu ma mun yi, mun je mun jefa ƙuri'a. Hanyoyi suka buɗe, kaya suka shigo, cikinsu har da tabarau na roba da aka riga aka yi, a faifai ake tallarsu a kasuwa da bakin tasha. Mutum ya ɗauka ya gwada, in ya ga layin tafin hannunsa sai ya biya ya wuce. Ba na zagin masu saya, talaka ya samu sauƙi. Amma zaurenmu ya yi tsit. Waɗanda suke koyo a wurin Malam suka watse, yawancinsu suka koma kabu-kabu. Shi kuma ya ɗauki alƙalaminsa ya koma yankan gilashin tagogi a sabbin gidajen da ake ta ginawa, mutumin da ke auna abin da ido ba ya gani ya koma awo da igiya. Ni na kama ɗinkin hula. Duk da haka kowace Juma'a, kafin ya tafi masallaci, sai ya buɗe injin ya sa masa mai, ya taka shi kaɗan, ya rufe. Na ce masa, "Malam, wa kake jira?" Ya ce, "Ba na jiran kowa. Tsatsa nake hanawa."

A cikin shekarun nan ne idonsa ya fara. A asibiti suka ce hawan jinin ido ne, suka ba shi maganin ɗigawa, suka ce zai rage masa gudu amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ganin yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun yana ƙara ƙanƙancewa.

Rabi kuwa ta yi nisa, karatu ya kai ta ƙasashen waje. An yi zaɓe, an sake yi, an kuma sake, sannan ta dawo ta kama koyarwa. Wata ranar Asabar da hantsi ta yi sallama a gidanmu. Ta durƙusa ta gaida Malam, suka daɗe suna gaisuwa, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin can.

Sannan ya ce mata, "Mai ido huɗu, an ce kin zama Dakta. Allura kike yi?"

"Baba, ba irin wannan ba ce. Ni haske nake karanta."

"To ai gidan kika zo. Mi kika kawo mana?"

Ta buɗe wani ɗan akwati kamar na zobe. A ciki akwai wani abu mai kusurwa huɗu, bai kai farcen jariri ba, launinsa ja-ja kaɗan. Ta ce daimon ne, amma ba haƙo shi aka yi ba, a cikin inji aka raine shi. Malam ya sa gilashin dubawarsa, ya daɗe yana neman abin kafin ya faɗo cikin ɗan ganin da ya rage masa. Ya ce, "Ɗiyata, an cuce ki. Daimon na kirki fari ne kamar ruwa. Wannan da datti a cikinsa."

Ta yi dariya ta ce dattin aka saya. Ga yadda ta yi mana bayani, kuma ban manta ba. Ta ce ƙwayoyin da suka haɗu suka zama daimon a jere suke kamar sahun salla, kowa kafaɗarsa a jikin ta ɗan'uwansa. A wasu wurare da gangan aka cire mutum ɗaya aka bar gurbi, a gefen gurbin kuma aka tsayar da baƙo, wani sinadari da ta ce akwai irinsa a takin zamani. Gurbin nan da baƙonsa, in aka haska musu koren haske, sai su haɗiye shi su mayar da ja. Kowane gurbi ƙwayar haske ɗaya yake saki a lokaci guda, sai ta fita sannan wata ta biyo, kamar jan carbi, biyu ba sa fita tare. Ta ce masu bincike suna son wannan don aika saƙon da ba wanda zai saurara a hanya ba a gane ba, amma ganin gurbi ɗaya tak sai da manyan injuna. Abin da take so ta nuna wa ɗalibanta a nan shi ne ɗaya halin nasa: yana jin maganaɗisu. In aka kawo maganaɗisu kusa, jan hasken sai ya dushe, in aka janye ya dawo. Da wannan ake auna abubuwan da ba a iya taɓawa.

Malam ya ce, "Tun ina saurayi nake korar tabo daga cikin gilashi. Yau ga dutsen da tabonsa ne ke aiki."

Damuwarta ita ce yawancin jan hasken ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta kai-komo a cikin dutsen ya ɓace. In aka kifa masa rabin ƙwallon gilashi, sai ya samu ƙofa. Ana sayar da irinsa a waje, ta aika a kawo mata ta jira har ta gaji. "Sai na tuna wanda ya nuna mini ganyen bedi," in ji ta.

Malam ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Dije, hannunki na nan?" Na ce yana nan. Ya ce wa Rabi, "Za mu yi. Amma da sharaɗi. Ina so in ga jan nan da idona kafin a rufe mini taga."

Gilashin da muka yanko daga jikin wani tsohon idon majigi ne, mai nauyi, wanda Malam ya ɓoye tun da daɗewa yana cewa bai ga aikin da ya cancance shi ba. Maƙeri ya yi mana ɗan ƙoƙon tagulla daidai girman da ake so. Abu ƙarami ya fi babba wuya, ku riƙe wannan. Babban gilashi yana yafe kuskure, ƙaramin ba ya yafewa. Malam na taka injin, ni ina riƙe da itacen ina juyawa, in na ɗaga sai ya shafa da ɗan yatsa, wani lokaci da harshe, ya ce, "Akwai tudu ta wajen hagu." In duba da gilashin dubawa, in tarar da shi. Na farko ya tsage wajen cire kaki. Na biyu ya fita kamar ɗigon raɓa. Rabi ta bar mana dutsen da ɗan mazaunin ƙarfensa don Malam ya haɗa su, ta ce za ta zo da kayan gwaji.

Yanzu ga abin da ya faru, kuma duk mai wasa gilashi na zamaninmu haka zai yi. In za a haɗa gilashi biyu, ana ɗiga mai a tsakani ya kori iska, haske ya wuce ba tangarɗa. Man gyaɗa muke sawa. Amma Malam ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin man gyaɗa. Akwai wata 'yar kwalbar man zaitun da yayansa ya kawo masa tsarabar Makka, ya adana ta a ƙasan akwati bai taɓa buɗewa ba. Ranar ya buɗe, ya yi bisimilla, ya ɗiga ɗigo ɗaya da tsinke, na kifa gilashin a kai.

Rabi ta zo bayan azahar. Muka rufe ƙofa da taga da barguna, ɗaki ya yi duhu. Ta kafa fitilarta mai koren haske, siriri kamar zare, ta gargaɗe mu kada kowa ya kalli bakinta. Ta sa wani jan gilashi da ke tare koren, ta ce ta cikinsa za a leƙa. A gefe ga wani agogo mai allura da ke auna yawan haske. Tana kunnawa allurar ta tashi har ta kusa dukan bango. Na leƙa, na ga ja kamar an hura garwashi. Malam ya leƙa, bai ko nema ba, nan take ya ce, "Ga shi nan. Dije, ga shi nan, ina ganinsa." Muryarsa ta koma ta saurayi.

Rabi ba ta yi murna ba. Ta ce hasken ya yi yawa. Ta ɗauko maganaɗisun da ta ciro daga tsohuwar lasifika, ta kawo kusa. Allura ba ta motsa ba. Ta janye, ta sake kawowa. Ko gezau.

"Baba, mi ka sa a tsakani?"

"Mai. Haka ake yi tun ba a haife ki ba."

"Wane iri?"

Ya gyara zama. "Ba na gyaɗa ba ne, in shi kike tsoro. Zaitun ne, daga Makka."

Ta ce in miƙo mata kwalbar. Ta ɗaga ta a gaban koren hasken, sai ga hanyar da hasken ya bi a cikin man ta zama ja wur. Ta ce akwai ragowar koren ganye a cikin man zaitun, shi ma yana haɗiye kore ya mayar da ja, kuma ya fi dutsen ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai shi bai san maganaɗisu ba. Ta faɗa a hankali, kanta a ƙasa, kamar ita ta yi laifin.

Malam ya fashe da dariya har tari ya kama shi. "Ashe tsarabar Yaya na gani. To Allah ya saka masa, man nasa mai kyau ne." Da dariyar ta lafa sai ya tambaya, "Na gaskiyar, ya kai wannan haske?"

"Bai kai ba, Baba. Bai ko kusa ba."

Dukanmu mun san abin da wannan ke nufi ga idonsa.

Rabi ta ce akwai wani mai na musamman da ba ya haske, za ta nema, ko da yake zai ɗauki lokaci. Malam ya ce a bar maganar mai. Ya ce ya taɓa ganin maigidansa ya wasa gilashi biyu har suka kama juna ba komai a tsakani, ba mai, ba danƙo, ba iska. In gindin gilashinmu ya miƙe haka, zai zauna a kan dutsen da kansa. Bai taɓa yi ba, sau ɗaya ya gani. Rabi ta ɗauki dutsen ta kai wani gari inda za a dafa shi a ruwa mai ƙarfi ya saki man, mu kuma muka koma kan faranti.

A nan ne na zama idonsa. Yadda ake auna miƙewa shi ne a ɗora abin a kan uwar gilashi kusa da taga. In bai miƙe ba, sai zobba su bayyana a tsakani masu launin bakan gizo, sirara, cunkushe. Yana ƙara miƙewa suna raguwa suna faɗi. Malam ya daina ganinsu. Sai in ɗora, in sunkuya, shi yana zaune a gefena yana tambaya.

"Faɗa mini."

"Suna da yawa, Malam, kamar an yanka albasa."

"Ta ina suka matsu?"

"Ta wajen ƙofa."

"To sassauta hannu ta nan. Kada ki danna, bar nauyin itacen ya yi aikin."

Haka muka ci damina. Kullum "faɗa mini", kullum ina faɗa. Na koyi kiran launuka da sunan da zai gane: wannan kamar ƙwai, wannan kamar bayan tattabara, wannan kamar zoɓo. Akwai ranar da muka kusa, zobba sun ragu sun yi faɗi, sai hadari ya taso da iska kafin in rufe taga. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga. Na ji ta a hannuna tun kafin in gani, ƙiii, ta ja layi. Na ajiye itacen na zauna ina hawaye, domin na san kwanakin da za mu sake ci daga idonsa za a cire su. Malam ya laluba sandarsa ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ajiye mini farin goro a cinya ya ce, "Koma kan gari na tsakiya."

Wata safiya na ɗora, na sunkuya, na rasa zobe ko ɗaya. Launi guda ne ya rufe wurin, na ɗan taɓa shi sai ya koma duhu. Na zo in ɗaga gilashin ya ƙi tasowa. Na ce, "Malam, ya kama." Ya miƙo hannu ya taɓa, ya ɗan tura da farce, ya ji ya ƙi. Ya ce, "A aika wa Rabi."

Ita ta wanke komai da nata ruwan, ta sa safar hannu, ta ɗora gilashin a kan dutsen ta ɗan danna. Ta juya shi ƙasa, bai faɗo ba. Muka sake rufe ɗaki da barguna. Kafin ta kunna Malam ya ce, "Ku biyun nan na san ku. Kada wadda ta ɗiga mini zaitun don ta faranta mini." Rabi ta nuna ni ta ce, "Baba, kwalbar tana ɗakin Inna, na sa ta kulle."

Allura ta tashi kaɗan ta tsaya. Rabi ta leƙa, ta ce in zo. Da farko ban ga komai ba. Da idona ya saba da duhun sai na gan shi, ɗan ƙarami, a tsakiyar gilashin da hannuna ya wasa. Ja ne mai zurfi, ba mai ƙuna ba, kamar a ɗaga kofin zoɓo wajen rana, kuma a tsaye yake cak, ba ya rawa irin ta wuta. Ta kawo maganaɗisu, allura ta sunkuya. Ta janye, allura ta miƙe. Ta sake, ta sake. Dutse a rufe, ba abin da ya taɓa shi, amma yana jin abin da ke zuwa. Rabi ta cire tabaranta tana share ido da gefen mayafi.

Na kama hannun Malam na kawo shi, na daidaita masa kai. Ya daɗe. Yana ɗan juya fuska hagu da dama yana neman inda taga ta rage masa. Hannunsa na riƙe da wuyan hannuna, ina jin yatsunsa suna matsawa. Rabi ta kawo maganaɗisun a hankali, sai ya ce, "Ya dushe." Ta janye, ya ce, "Ya dawo." Sannan ya ɗago ya ce, "Na gani. Alhamdu lillahi, aiki ya yi."

Wannan ne abin da nake juyawa har yau. Ya faɗa daidai lokacin, sau biyu. Amma Rabi na sanye da awarwaro a hannun da take riƙe da maganaɗisun, suna ƙara duk lokacin da ta motsa, kuma kunnen Malam ya fi na kowa. Ni mai ido biyu ma da ƙyar na ga dushewar, allura ce ta tabbatar mini. Ban tambaye shi ba. Mutumin da bai taɓa ba wa mai saye gilashi mai tabo ya ce masa lafiyayye ne ba, ban ga ta inda zan ce masa, "Da gaske ka gani?" ba.

Kafin wata damina tagar ta rufe gaba ɗaya. Bai yi ƙorafi ba. Rabi na zuwa tana ba shi labarinku, wai kun auna wutar da ke gudu a cikin waya ba tare da kun taɓa wayar ba, wai wata rana da irin dutsen nan za a ji motsin jijiyar mutum daga waje. Sai ya ce, "Gilashin na nan a zaune?" Ta ce yana nan. Ya ce, "Ba mai?" Ta ce ba mai. Sai ya jingina da bango yana murmushi, duk wanda ya shigo zaure ranar sai ya ji labarin.

To ku da ke aiki da shi yanzu, ku wanke hannu kafin ku matso. Kada ku taɓa gindinsa, kada ku hura masa baki ku goge da riga kamar tabarau. In wata rana ya faɗo, ku kawo mini tun hannuna na motsi, uwar gilashi tana nan cikin ƙyallenta, kuma duk mai son koyo zan nuna masa yadda ake tace gari. Ba abu ne mai sauƙi ba, amma an yi shi a Katsina, a kan ƙafar keken ɗinki.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar da zai tafi, da hantsi, na shafa masa man zaitun ɗin nan a ƙafa, ragowar kwalbar, ya ji ƙamshin ya yi ɗan murmushi. Daga baya maza suka shigo, na ji yana amsa kalmar shahada tare da su, na gode wa Allah da wannan. Amma kafin su shigo, muna mu biyu, ya laluba ya kama wuyan hannuna kamar yadda ya kama a ɗakin nan mai duhu. Ban sani ba ko so yake ya gwada jan da na gani da wanda ya gani, ko kuwa nawan ne kaɗai yake da shi tun farko. Ya jawo ni kusa ya ce:

"Dije, wane irin ja ne ma? Ƙara faɗa mini."